Gwaji ya wuce shi kaɗai, ya faɗi a cikin 'yan'uwansa: tambayoyi kan ware kash

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga matasanmu masu rubuta manhajojin yanar gizo a Jidda da Makka. An gina amsoshin a kan Django, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo da harshen Python. Gwaji a nan shi ne ɗan kod da ake rubutawa don ya duba da kansa ko manhaja tana aiki daidai.

Me ya sa gwaji ke wucewa shi kaɗai, amma ya faɗi in an haɗa shi da sauran?

Galibi kash ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke ajiye amsa don kada ta sake lissafi. TestCase, tushen da ake gina gwaji a kansa a Django, na mayar da rumbun bayanai yadda yake bayan kowane gwaji, amma ba ya taɓa kash.

A ɗauki manhajar kama ɗaki ga masu Umara. Gwajin farko ya sa kuɗin ɗaki riyal 200, da harajin kashi 15 ya zama 230, aka ajiye a kash. Gwaji na biyu ya sa 300, yana jiran 345, sai ya tarar da 230. Lissafin ba shi da laifi. Abin da aka ajiye yana zama daƙiƙa 300 in ba a canja wa'adin ba, gwaje-gwaje da yawa kuwa suna wucewa kafin nan.

To a kashe shi mana da DummyCache?

Ya halatta inda kash ba shi da ruwa da abin da ake gwadawa. Sai dai DummyCache, wato kash na jeka-na-yi-ka, yana karɓa ne ba ya ajiyewa, don haka kuskuren da ya fi cin mutane, wato mantawa da goge tsohon farashi bayan an canja shi, ba zai taɓa bayyana ba sai a gaban abokin ciniki. Mun fi son LocMemCache, wato kash mai ajiya a ƙwaƙwalwar kwamfutar, a saitin gwaji, tare da kiran cache.clear() a cikin setUp, wanda ke gudana kafin kowane gwaji. A goge kafin gwaji, domin kowane gwaji ya fara da fili mai tsabta komai abin da na gabansa ya bari. Masu amfani da pytest, wani kayan gudanar da gwaji, su sa wannan a fixture (shirin share fage kafin gwaji) mai autouse=True cikin conftest.py.

Na sa override_settings don canja saitin kash, amma tsohon abu na nan.

LocMemCache yana riƙe kayansa ne da sunan LOCATION. In sunan bai canja ba, rumbu ɗaya kake komawa. Ka goge, ko ka ba shi sabon suna. In kuma saitin CACHES ɗinka na da kash fiye da ɗaya, cache.clear() na default kawai yake gogewa. Sai ka bi sauran ta caches.all().

Idan dole sai da Redis, wato sabar ajiya ta daban da ake amfani da ita a matsayin kash, fa?

Nan ne ake ɓarna. A Django, clear() kan Redis yana share rumbun gaba ɗaya, ba ya duba KEY_PREFIX, wato alamar da ke bambanta kayan manhajarka da na wasu. In bayanan zaman waɗanda suka shiga manhaja ko layin ayyukan Celery (mai gudanar da ayyuka a bayan fage) suna cikin rumbun nan, sun tafi. Redis yana zuwa da rumbuna 16, daga 0 zuwa 15. Ka ware wa gwaji nasa, kamar 15, a kan sabar da ba ta aikin gaske ba. In kana gudu da pytest-xdist, mai raba gwaje-gwaje ga ma'aikata da yawa a lokaci ɗaya (gw0, gw1 da sauransu), kowane ma'aikaci ya samu lambar rumbunsa daga PYTEST_XDIST_WORKER, in ba haka ba gw0 zai goge abin da gw1 ke tsakiyar amfani da shi.

Ina samun kuskuren 429, wato buƙatu sun yi yawa, a tsakiyar gwaji.

Taƙaita yawan buƙatu a Django REST Framework a kash yake ƙirgawa. Gogewa a setUp ta isa.

Ta yaya zan tabbatar na rabu da matsalar?

Ka gudanar da gwaje-gwajen da --reverse, mai juya jerinsu, sannan da --shuffle, mai gauraya su, wanda ya shigo a Django 4.0. Yana buga lambar da ya yi amfani da ita wajen gauraya jerin. Ka adana ta don maimaita faɗuwar. In har yanzu akwai mai faɗuwa, ka nemi lru_cache, wato kash na Python kansa, a cikin kod ɗinka, shi cache_clear() nasa daban ake kira.