Barasa da Juna Biyu: Me ke Kaiwa ga Ɗan Tayi?

Idan mai ciki ta sha giya, tana isa ga ɗan da ke cikinta?

Tana isa, kuma ba ta jimawa. Barasa kan shiga jinin uwa, ta ratsa mabiyiya, ta bi cibiya. Cikin ɗan lokaci yawanta a jinin ɗan tayi kan kusa kai na uwar. Hantar uwa tana iya narkar da ita, amma tasa ba ta yi ƙwari ba. Abin da ya fitar kuma yana komawa cikin ruwan da yake kwance a ciki, ya sake haɗiye shi.

Wace illa take yi?

Tun 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana abin da ya gani a yara 127 da iyayensu mashaya ne. Ba a kula da rahotonsa ba sai 1973, lokacin da Kenneth Jones da David Smith na birnin Seattle a Amurka suka ba larurar suna da Turanci, wato Fetal Alcohol Syndrome.

Alamomin fuska uku ne likitoci ke dubawa: leɓen sama siriri, kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe sumul, sannan tsagar ido gajera. Sau da yawa kai ƙarami ne, yaron kuma ba ya girma yadda ya kamata. To amma mafi yawan yaran da barasa ta taɓa ba su da wata alama a fuska. Matsalar a ƙwaƙwalwa take. A koya masa abu yau, gobe ya tashi kamar bai taɓa ji ba. Lissafi ya gagare shi, ba ya iya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana cewa taurin kai ne. Wannan ɓarnar ba ta warkewa, sai dai gano ta da wuri yana taimakawa wajen tarbiyya da karatu. Ga kuma haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da haihuwar ɗa ba rai.

Wane lokaci ne ya fi haɗari?

Fuska da zuciya suna fara samuwa ne tun daga mako na uku bayan shigar ciki, wato daidai lokacin da mace ke cewa ko ɓatan wata ta yi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana ginuwa har ranar haihuwa. Shi ya sa shawarar barin barasa ta haɗa da mai neman ciki.

Ko ɗan kurɓi kaɗan?

Ba a gano wani adadi da za a ce babu haɗari a cikinsa ba. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce a bari gaba ɗaya tun 1981, na Birtaniya suka bi sahu a 2016. Shan da yawa a zama ɗaya ya fi muni. Burkutu, bammi, giyar kwalba, duk sinadarin ɗaya ne. Wadda ba ta taɓa kusantar mashaya ba ma ta kula da jiƙe-jiƙen kwalba da ake tallarsu a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, domin wasu da barasa ake jiƙa su.

Uba fa?

Maniyyi kan ɗauki kimanin wata biyu da rabi kafin ya kammala samuwa, kuma yawan sha yana rage ƙarfinsa. Wasu nazarce-nazarce sun nuna alaƙa tsakanin shan uba a watannin kafin shigar ciki da larurar zuciya ga jariri. Alaƙa ce aka gani, hujjar ba ta kai ƙarfin ta ɓangaren uwa ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, da wuya mace ta daina muddin maigida yana shigo da giya gida.

Na sha kafin in san ina da ciki. Yaya zan yi?

Ki daina daga yau, kowane wata cikin yake, domin sauran ginin ƙwaƙwalwar zai amfana. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiyar abin da kika sha idan kin je awo. In kuwa kin saba sha kullum, kada ki yanke kai tsaye ke kaɗai: hakan na iya jawo karkarwa da jijjiga, sai likita ya tsara miki yadda za ki bari.