Masu kiwon kaji, dan Allah a riƙa buga lissafi kafin a taɓa abincin nan

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Yau maganar lissafi zan yi, na san wasu daga jin haka har sun fara hamma, toh ku ɗan yi haƙuri da ni don abun da na gani satin da ya wuce ne ya hana ni yin shiru.

Wata Hajiya ce ta kira ni, kaji 200 gare ta masu ƙwai a bayan gida, tace Malam zo ka duba mun kajin nan ina jin ciwo ne ya shige su, ƙwai ya ja baya. Na je na duba kashinsu lafiya, ido garau, ba mura ba komai, suna ta kai da kawo abunsu. Sai na ɗebi abincin da ke cikin mazubi na murza a tafin hannu na hura, kusan rabi ya tashi sama, dusa ce zalla. Nace Hajiya me kika ƙara a ciki? Tayi dariya tace ai abinci ne yayi tsada shi ne take sirka shi da dusa buhu ya ƙara auki. Ban ga laifinta ba wallahi, kowa ya san yadda kasuwa take, amma nace ɗauko biro da takarda mu zauna.

Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana, kenan kaji 200 kusan buhu ɗaya mai kilo 25 suke tashi da shi kullum. Mu ɗauka buhun 15,000 ne kiret kuma 5,000, misali nake bayarwa, kowa ya sa farashin garinsu. Toh kiret uku na farko, ƙwai 90 kenan, ba naki bane Hajiya, na mai abinci ne. Abun da ya haura 90 a ciki za ki biya magani da yaron da ke share ɗaki sannan ki ga riba. Da tana ɗaukar ƙwai wajen 160 a rana, da ta fara sirki ya dawo 110. Dusar ta rage mata kamar 3,000 a kuɗin abinci kullum, ƙwai 50 ɗin da suka ɓace kuwa sun haura 8,000. Tayi shiru tana kallon takardar sai can tace, au ashe ni nake cutar kaina.

Dalili kuwa cikin kaza ba buhu bane, yana da iyaka. Ɗan giram 115 ɗin nan da za ta ci a ciki ake so ta samu furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da ƙarfin jiki, da kalsiyam na ɓawon ƙwai, in ka cika mata ciki da dusa ta ƙoshi dai amma ba ta samu abun yin ƙwai ba. Wannan tambayar, yaya zan samu abun da ake buƙata a kuɗi mafi ƙanƙanta alhali ga iyakokin da ba zan tsallake ba, ita ce masana suka daɗe suna fama da ita, kuma abun dariya da abinci suka fara gwadawa. A 1945 wani masanin tattalin arziki a Amurka, George Stigler, ya jera abinci kala 77 da sinadarai 9 da jikin mutum ke buƙata, yana neman haɗin da ya fi araha da zai riƙe namiji shekara guda. Da hannu yayi ta gwadawa yana cirewa har ya tsaya a dala 39.93 a farashin 1939, garin alkama da madarar gwangwani da kabeji da alayyafo da busasshen wake (ni dai ba zan so a gayyace ni cin wannan ba). A 1947 wani masanin lissafi, George Dantzig, ya fito da dabarar warware irin wannan lissafi daki-daki, aka ba ma'aikata tara da injinan lissafi na tebur, aikin da in mutum ɗaya ne sai yayi kwana 120 a kai, amsa ta fito dala 39.69. Yau kamfanonin abincin kaji da wannan dabarar suke haɗa buhun da kuke siya, in masara tayi tsada sai kwamfuta ta sake musu haɗi a take, har manhajar lissafi ta Excel ma tana yi.

Mu da ba kamfani ba akwai ƙaramin ɗan'uwansa da muke koyarwa, akwatin Pearson, ko a ƙasa da tsinke ana zana shi. Ka zana murabba'i, a tsakiya ka rubuta furotin da kake so. A kusurwar hagu ta sama ka sa masara, furotin wajen kashi 9 cikin ɗari take da shi, a ta ƙasa ka sa tunkuzar waken suya, wajen 44. Yanzu ga inda mutane ke kuskure, sai su sa 17 a tsakiya su manta cewa za su ƙara garin dutsen laimiston da garin ƙashi da gishiri da firimiks (haɗin bitamin da sinadarai), waɗanda za su ci kusan kilo 10 cikin 100 kuma kusan ba furotin a cikinsu. Don haka ka sa 19. Sai ka cire a gicciye, 44 a cire 19 saura 25, kason masara kenan, 19 a cire 9 saura 10, kason waken suya. 25 da 10, wato biyar da biyu. Cikin kilo 90 masara 64 waken suya 26, ka cike da kilo 10 ɗin can, furotin ɗinka ya sauka wajen 17.

Kuma dan Allah da sikeli, banda mudu ko kwano. Mudun masara da mudun tunkuza ba nauyinsu ɗaya ba, ballantana dusa, kuma mudun wannan kasuwa ma ba shi ne na waccan ba. Sikelin rataye bai kai kuɗin asarar kwana biyu irin ta Hajiya ba.

In ɗanyen waken suya ka siyo daga kasuwa sai ka soya shi tukuna, akwai wani abu a ɗanyensa da ke hana kaza narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi, amma kar ka ƙona. Tunkuzar gyaɗa ma tana da furotin sosai, kusan kai ɗaya da ta waken suya, sai dai in ta ji danshi tayi fumfuna gubar afulatoksin ke shiga, in ka ji tana warin ruɓa ko ka ga kore-kore ka bar wa mai ita kayansa ko nawa ya rage maka.

Sai lissafin yaushe zan sake siyo abinci, wanda shi kam kusan kowa da ka yake yinsa. Sau nawa ake kira na ranar Juma'a da yamma wai buhu ya ƙare dila kuma ya rufe shago, kaji su wuni da yunwa ko a watsa musu tsabar dawa, kuma kaza mai ƙwai in ta sha wahalar kwana ɗaya sai ta ɗau kwanaki kafin ta dawo daidai. Abun ba wuya, buhu nawa suke ci a rana, sau kwana nawa kaya ke ɗauka kafin su iso, sai ka ɗora na ko-ta-kwana. Buhu ɗaya a rana, kwana uku kafin mota ta zo, biyu na ko-ta-kwana, biyar kenan. Ka ja layi da alli a bangon sito daidai tsayin buhu biyar, duk ranar da layin ya fito fili a buga waya, ko yaro ne zai gane. Ta ɗaya ɓangaren kuma kar zumuɗin ragi ya sa ka jibge haɗaɗɗen abinci na wata uku, musamman da damina, ya wuce wata ɗaya ya fara lalacewa ga kuɗinka a kwance ga ɓeraye suna walima.

Masara tsaba ita ce ake iya siye da kaka a ajiye, a Dawanau ko kasuwar ƙauyenku, amma ita ma kar kace kawai ai kullum tana tashi da damina. Ka haɗa kuɗin buhun PICS (mai leda a ciki da ke hana iska shiga) da dako da hayar sito da abun da kuɗin zai kawo maka in ka juya shi wani wajen, sannan ka buga sau biyu, in ta tashi me zan samu, in ta faɗi me zan rasa, don akwai shekarun da masu ɓoye hatsi suka yi kuka da idonsu. In asarar faɗuwar za ta iya rufe maka gona toh ka siyi rabi.

Hajiya dai mun cire dusar a hankali cikin kwana biyar don ba a canza wa kaji abinci farat ɗaya. Na bar mata littafi mai layi huɗu, kwanan wata, kilon abinci, ƙwan da aka ɗauka, da kazar da ta mutu in akwai. Jiya ta turo mun hoton shafin ta WhatsApp, 128 aka ɗauka, jikarta ce ma ke rubutawa in ta dawo daga islamiyya.