Littattafan Hotuna na Yara Masu Koyar da Juriya da Yarda da Kai

Littafin hotuna na yara shi ne littafin da zane da rubutu suke haɗuwa su ba da labari ɗaya, ta yadda idan aka ɗauke zanen labarin ba zai cika ba. Galibi ana yin sa ne don yara 'yan shekara 3 zuwa 8, kuma sau da yawa babba ne ke karantawa, yaro kuma yana bin hoton da ido. A cikin irin waɗannan littattafai akwai rukunin da aka gina a kan tarbiyya, wato masu cusa wa yaro yarda da kai, juriya, gaskiya, riƙon amana da tausayi. A Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗabi'un da suke koyarwa tsofaffi ne ƙwarai. Abin da yake sabo, kuma har yanzu yake ƙaranci, shi ne littafin kansa.

Siffarsa

Mafi yawan littattafan hotuna shafi 32 gare su. Dalilin daga maɗaba'a yake: babbar takarda ake bugawa a ninke ta, ta ba da shafi 8 ko 16, saboda haka adadin shafukan ke tafiya takwas-takwas. Rubutun ba ya da yawa, wani lokaci jimla ɗaya tak a shafi. Mai zane yana ɗaukar rabin aikin, domin shi ke nuna abin da marubuci bai faɗa ba: rawar jikin yarinyar da aka kira gaban allo, ko fuskar uban da ke ɓoye damuwarsa. Juya shafi ma ɓangare ne na labarin, don a nan yaro ke ɗokin sanin abin da zai biyo baya.

Wannan ne ya bambanta shi da littafin da aka ƙawata da 'yan hotuna jefi-jefi, wanda za a iya karanta shi cikakke ko da babu su. Ya kuma bambanta da littafin koyon karatu na aji, wanda manufarsa ta farko ita ce baƙi da wasali da haɗa gaɓa.

Asali

Masana tarihin adabin yara sukan fara lissafi daga Orbis Pictus na John Amos Comenius, wanda aka buga a Jamus a 1658. A ƙarni na 19 mai zanen Ingila Randolph Caldecott ya sa hoto ya riƙa ba da labari da kansa, kuma da sunansa ake ba da lambar yabo ta littattafan hotuna a Amurka tun 1938. Shahararren misali na jigon naci shi ne labarin wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa da ya ja kaya ya haye tudu bayan manyan sun ƙi, wanda bugunsa na 1930 ya bazu a Amurka.

A ƙasar Hausa tarbiyyar yaro ta hanyar labari ta riga takarda. Tatsuniya ce makarantar farko, da dare, a bakin kaka ko inna, daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus". A cikinta ake samun marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa, ta daure, ta yi wa tsohuwar da ta tarar a bakin rafi ladabi, ta dawo da arziki, ita kuma 'yar gata ta bi sawunta da rashin kunya ta kwashi kashinta a hannu. Karin magana ma na yin aikinsa: mai haƙuri yakan dafa dutse, sannu ba ta hana zuwa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sakkwato tana da nata gadon na musamman. Malaman jihadin 1804 sun mai da waƙa hanyar koyarwa, domin waƙa tana shiga kunnen wanda bai iya karatu ba. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru. Matan ƙauyuka sukan zo wurinta ƙarƙashin jagorancin shugabarsu da ake kira jaji, wadda ake naɗa wa malfa, su haddace waƙoƙin wa'azi da kyawawan halaye, su koma su koyar a garuruwansu. Ba littattafan yara ba ne, kuma babu zane a cikinsu, amma ta bakin iyaye mata darasin ke isa ga 'ya'ya. A zamanin boko ma an ci gaba da bin wannan hanya: Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don ɗalibai su san ƙasarsu ta hanyar rerawa.

Littafin boko na Hausa kuwa daga Zariya ya bunƙasa, ta hannun Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya zo da zane-zane, kuma ɗalibai suka yi ta karanta shi shekara da shekaru. Daga baya aka sami hukumar adabi ta Arewa, NORLA, a shekarun 1950, sai kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida don 'yan firamare. Duk da wannan ƙoƙari, littafin hotuna mai launi na ƙananan yara, irin wanda ake karantawa a gida don jin daɗi, bai taɓa kafuwa a kasuwar littafin Hausa ba kamar yadda littattafan soyayya suka kafu daga shekarun 1980.

Abin da bincike ya nuna

Ba kowane labari mai darasi ne ke canza halin yaro ba, kuma a nan ne marubuta da yawa ke kuskure. A 2014 Kang Lee na Jami'ar Toronto a Kanada da abokan aikinsa sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 7. An bar yaro shi kaɗai an hana shi leƙa wani abin wasa, sannan aka karanta masa labari, aka tambaye shi ko ya leƙa. Labaran da ke nuna azabar da maƙaryaci ya sha, irin na yaron da ya yi ta ihun ƙarya cewa kyarkeci ya zo, ba su ƙara yawan masu faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin da ake jingina wa George Washington, shugaban Amurka na farko, inda yaro ya amsa laifinsa uban ya yaba masa. Wannan abin lura ne ga mai rubuta wa yaran Hausawa, domin tatsuniyoyinmu da yawa da hukunci suke ƙarewa.

Game da juriya, binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa don kaifin ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya idan aiki ya yi wuya, a kan waɗanda aka yaba wa don ƙoƙarin da suka yi. Tun 1977 kuma masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana cewa ganin wani mai kama da kai ya ci nasara yana ƙara wa mutum yarda cewa shi ma zai iya. Idan aka haɗa biyun, littafin da ya fi amfani shi ne wanda jaruminsa ya gwada ya kasa, ya canza dabara, ya nemi taimako, sannan ya dace. Wanda aljani ko zoben sihiri ya fitar daga wuya bai koya wa yaro komai a kan naci ba, komai daɗin labarinsa.

Akwai kuma wani binciken na Toronto da aka fitar a 2017, wanda ya gano cewa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 sun fi raba abin hannunsu da wasu bayan sun ji labarin da mutane ne a ciki, a kan labarin dabbobi masu sanye da tufafi. Bincike ɗaya ne, a wata ƙasa aka yi shi, bai isa ya kori Gizo da Ƙoƙi daga littafin yara ba. Sai dai Gizo gwanin wayo ne da haɗama, don dariya da gargaɗi ya dace. Idan ana son yaro ya yi koyi, gara a zana masa yaro ɗan'uwansa.

Kunya da yarda da kai

Babbar matsalar littattafan da ake shigowa da su daga waje ita ce yadda suke fahimtar yarda da kai. A da yawa daga cikinsu, yaron kirki shi ne mai ɗaga murya, mai kallon babba ido cikin ido, mai bin ra'ayinsa ko da iyaye sun ƙi. A gidan Bahaushe wannan fitsara ce. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, ya lissafa halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Uba a Sakkwato da ya ga littafi yana rushe kunya da ladabi ba zai sake sayen irinsa ba, kuma yana da hujja.

Amma kunya ba tsoro ba ce, kuma wannan ne littafi mai kyau ke rarrabewa. Yarinyar da ta san amsa amma ta kasa ɗaga hannu a aji, yaro mai in'ina da ya daina magana don ana yi masa dariya, gurgun da aka hana wasa, yaron da babba ya cuce shi ya kasa gaya wa uwarsa: duk waɗannan ba ladabi ne ya hana su ba. Labarin da zai nuna yaro ya durƙusa ya gaida malaminsa, sannan ya buɗe baki ya ce bai gane ba a sake masa bayani, ya haɗa abin da iyaye ke so da abin da yaron ke buƙata. Haka ma haƙuri. Akwai na wanda ya naɗe hannu yana jira, akwai na manomin fadama da ambaliya ta cinye masa shinkafa ya sake shuka. Na biyun ne ya cancanci a zana.

Zane da addini

Wasu iyaye suna ƙyamar littafi mai hotunan mutane da dabbobi saboda hadisan da suka yi hani ga suranta masu rai. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. Da yawa sun sauƙaƙa a kan abin da aka yi don wasan yara da koyarwa, suna kafa hujja da hadisin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana. Wasu masu zane sukan bar fuska babu ido da hanci don kauce wa saɓanin. Abin da ba a yarda da shi ko kusa shi ne zana annabawa, don haka littattafan ƙissoshi sukan tsaya a kan jirgi, raƙumi, rijiya ko sahara. Sutura ma abin kula ce: iyaye suna duba yadda aka tufatar da mata da 'yan mata kafin su karanta jimla ta farko.

Halin da ake ciki a Sakkwato

Gwaje-gwajen karatu da aka yi a makarantun gwamnati na Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan ya jawo shirye-shiryen da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi tare da hukumomin ilimi na jihohin biyu: RARA a 2014, sai NEI Plus daga 2015, wanda ya raba littattafan Mu Karanta! ga 'yan aji 1 zuwa 3, da gajerun labarai masu zane da malami ke karantawa a bayyane. Ga yara da yawa a ƙauyukan jihar, nan ne karo na farko da suka riƙe littafi mai hoto da harshensu. Sai dai kayan aji ne, kuma an rufe hukumar USAID a 2025.

A intanet akwai taskoki na kyauta da ke da labarai da Hausa, kamar African Storybook da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2014 da StoryWeaver na Indiya daga 2015. Ana iya karanta su a waya ko a buga su a takarda ba tare da biyan kuɗin haƙƙi ba. Da yawansu fassara ce, zanen kuma na wata ƙasa ne. Malamar adabin yara Rudine Sims Bishop ta ce a 1990 yaro yana buƙatar littafi ya zama masa madubi da zai ga kansa a ciki, kuma taga da zai hango rayuwar wasu. Ɗan Sakkwato ya sami tagogi, madubin ne ya yi ƙaranci. Da wuya ya buɗe littafi ya ga jar akuya, ko majemi a bakin aikinsa, ko raƙumi ɗauke da albasa a hanyar Wurno, ko kwalekwale a gulbin Rima, ko almajiri da allonsa a matsayin jarumin labari.

Harshe ma yana da nasa ƙalubalen. Da daidaitacciyar Hausa ake buga littattafai, yaron kuwa da Sakkwatanci ya tashi, yana cewa "shina" inda littafi ya ce "yana", "mi" inda ya ce "me". Malamai da iyaye sukan karanta abin da ke rubuce sannan su tattauna da yaron da karin harshen gida, su tambaye shi abin da ya gani a hoton da abin da yake zaton zai faru. Irin wannan karatu na tambaya da amsa shi ne wanda Grover Whitehurst da abokansa suka nuna a 1988 cewa yana ƙara wa ƙananan yara kalmomi, kuma uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya yin sa daga hoton kawai.

Tsadar bugu mai launi, tsadar takardar da ake shigowa da ita daga waje, ƙarancin masu zanen da suka ƙware a littafin yara, da 'yan satar fasaha, su ne ke sa marubuta da yawa a Arewa su gwammace littafin manya mai baƙin rubutu zalla. Masu iya aikin kuwa suna nan: jihar tana da Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke horar da malaman firamare, da masu zayyanar allo da suka gaji haɗa launi tun kaka da kakanni.