Gwajin ƙwayoyi ga 'yan wasan jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Matasanmu masu gudu da tsalle da ƙwallon kwando na samun gurbin karatu a Amurka albarkacin wasa. Ta wannan hanya Tobi Amusan ta bi, a jami'ar Texas da ke El Paso. Duk wanda ya je zai tarar da dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i.

Yaya ake yin gwajin?

NCAA ta fara gwaji a gasannin cin kofi a 1986, sannan a 1990 ta mayar da shi na duk shekara. Kowace shekara ɗan wasa na sa hannu a takardar amincewa, idan ya ƙi ba zai buga wasa ba. Fitsari ake karɓa a gaban mai sa ido, a raba shi kwalba biyu, A da B, domin a sake dubawa idan ta farko ta nuna wani abu. Jami'o'i da yawa kuma suna da nasu gwajin daban.

Me aka haramta?

Magungunan gina tsoka irin su testosterone, masu hana barci da ƙara kuzari irin su amphetamine, sinadaran ƙara jini irin su EPO, masu sa yawan fitsari da ake ɓoye wasu ƙwayoyin da su, da masu kashe zafi masu sa maye. Rukuni ake haramtawa gaba ɗaya, don haka rashin ganin sunan magani a jeri ba ya wanke shi.

Goro da kofi fa?

Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikinsu sai ya haura maikirogiram 15 a kowace mililita ta fitsari yake zama laifi. Ɓarin goro ko kofi ɗaya ba ya kai mutum can. Ƙwayoyin kafin da lemon ƙara kuzari su ne abin tsoro.

Wiwi?

A Yunin 2024 rukuni na ɗaya na NCAA, wato na manyan jami'o'i, ya cire ta daga jerinsa. Sai dai WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya, har yanzu ta hana ta lokacin gasa, kuma daga 2024 ta ƙara da tiramadol. Wanda zai sa rigar Najeriya ko Nijar a gasar duniya, dokar WADA ce a kansa.

Wane hukunci ake yi?

Maganin ƙara ƙarfi: dakatarwar kwana 365 da asarar kakar wasa guda. A karo na biyu an gama da mutum a wasannin jami'a. Ƙin zuwa gwaji daidai yake da kamawa, yi wa fitsari maguɗi kuwa shekara biyu ne.

Idan bai san ya sha ba fa?

Nan ne abin ya fi damuna. Doka ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da ya shiga jikinsa, "ban sani ba" ba ta fitar da kowa. Garin gina jiki da ƙwayoyin ƙarin abinci a Amurka ba sa jiran amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin su shiga kasuwa, kuma ana samun waɗanda abin da ke cikin gwangwani ya saɓa da rubutun jikinsa. A Disambar 2018 an samu ostarine, wani haramtaccen maganin gina tsoka, a fitsarin 'yan ƙwallon ƙafar Amurka uku na jami'ar Clemson, ciki har da Dexter Lawrence. Ya ce bai san yadda ya shige shi ba, duk da haka yana gefe abokansa suka doke jami'ar Alabama a wasan ƙarshe. Yaron da karatunsa ya rataya a kan wasa ba shi da ƙarfin ɗaukar irin wannan asara. Haka nan ƙullin maganin gargajiya da Inna ta cusa masa a jaka, ya fara nuna wa likitan ƙungiya kafin ya kai baki.

Mai shan maganin asibiti fa?

Akwai rangwame. Mai shan Adderall ko Ritalin saboda larurar rashin natsuwa, jami'arsa za ta ajiye takardun likita tun kafin gwaji. Testosterone da makamantansa kuwa sai NCAA ta amince tukuna kafin ya shiga fili.