Tafasawa Ba Ta Gyara Koren Ruwa

Bazara ta kama, madatsun ruwa da tafkuna sun ja baya, abin da muke gani kowace shekara kuma ya dawo. Yara da amai da gudawa, ƙuraje da jan ido bayan wanka a tafki, ga tumaki da ake tararwa a kwance bakin mashaya, yawu na dalala. In ka tambayi uwar yaro ruwan da ake sha, sai ta ce na dam ne, "amma wallahi sai da na tafasa shi." Haba iyayenmu mata! Sau nawa za a faɗa? Ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti, ko an kwana ana hura masa wuta ba zai shawu ba.

Kowa ya san yadda ake yi. A tsuguna bakin ruwa, a sa gindin ƙwarya a ture koren can gefe, a ɗebi na ƙasa, a tace da ɗankwali, a jefa alam, a ɗora a murhu. Duk wahalar banza ce. Wannan koren wata irin gansakuka ce mai dafi, masana na kiranta sayanobakteriya, dafin da ta fi fitarwa kuwa, maikurosistin, hanta yake kamawa. Zafin tukunya ba ya lalata shi. Hasali ma tafasawa fasa ƙwayoyin take yi su zubo da dafin, ruwa ya ƙone ya ragu, dafi ya ƙara kauri. Alam kuwa datti yake kwantarwa, dafin da ya riga ya narke yana nan daram. A ci gaba da tafasa ruwan rijiya da na rafi saboda kwalara da taifod, wannan ba wanda ya hana. Koren ruwa dai a bar shi inda yake.

Abin bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A shekarar 2014 hukuma ta hana mutanen birnin Toledo na Amurka, kusan 400,000, shan ruwan famfo har kusan kwana 3 saboda wannan dafi, ta kuma gargaɗe su kada su tafasa. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da wannan dafi ya shiga. A 2020 gwamnatin Botswana ta ɗora mutuwar giwaye fiye da 300 a kan dafin irin wannan gansakuka. Abin da ya kayar da giwa, ina ga ɗan yaye? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada wannan dafi ya wuce maikurogiram 1 kacal, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a lita ɗaya na ruwan sha na yau da kullum, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Mu kuma da ciwon hanta ya riga ya yi mana yawa, ba mu da hantar da za mu yi wasa da ita.

Ba duk kore ne mai dafi ba, shi ya sa ake gwadawa. Tsoma sanda a ciki ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, gansakukar da muka saba ce, yawanci ba ta da dafi. In ta fito shafe kamar fenti, ko ruwan na kama da miyar kuka marar kauri, yana wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa, ja da baya. Ko ka cika farar kwalba, ka sa hannu cikin leda kafin ka ɗeba, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu ta kwana. Da safe in koren ya taru a sama, mai dafin ce ake zato. In ya kwanta ƙasa, da sauƙi. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa, saboda haka in kana shakka, ɗauke shi a mai dafi.

Makiyaya, ku saurara da kyau. Iska ce ke kora wannan kore ta tara shi a gaɓa guda, kuma da sassafe, ruwa na kwance, ya fi kauri, daidai lokacin da kuke kai garke. Saniya mai ƙishi ba ta zaɓe, wani lokaci ma har busasshen ɓawon da ya rage a laka take lasa. Wani nau'in dafin jijiya yake kamawa, dabba ta yi rawar jiki, ta yi tangaɗi, numfashi ya gagara, cikin awanni kaɗan ta tafi. Wani kuma sai bayan kwanaki: zawo da jini, ido ya yi rawaya, farin wuri a fata ya riƙa salewa a rana. Babu allurar da ke karya shi. A kira malamin dabbobi tun da wuri, kuma kada a yanka irin wannan dabba a kai kasuwa.

To me za a yi?

- A koma rijiya ko burtsatse, ko da nisa, ko da kuɗi. Ruwan sha, girki, kunun yara da alwala duka.
- In ba yadda za a yi, a haƙa rijiya nesa da gaɓa yadda ruwan zai ratso ta cikin yashi, kada a ɗeba kai tsaye.
- Yara da karnuka kada su shiga. Wanda ya shiga a wanke shi da sabulu da ruwa mai kyau nan take.
- Mai gudawa a haɗa masa lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a kai shi asibiti a faɗi ruwan da ya sha.
- Kifi: a zubar da hanji da hanta, a wanke tsoka da ruwa mai kyau. Mataccen da aka tsinta a bar shi, ko an yi masa banda ba ya gyaruwa.
- Koren ya ɓace? A ƙara jira kamar sati 2, dafin yana daɗewa bayan ruwa ya washe.

Kuma don Allah kada wani mai dabara ya zuba magani a tafki wai ya kashe gansakukar. Ranar da ta mutu gaba ɗaya, ranar take sakin dafinta gaba ɗaya.

Mu ne kuma muke ciyar da ita. Takin zamani da masu noman rani ke watsawa har bakin ruwa, kashin dabbobi, bahaya a gaɓa, ruwan wanki da na kwata, su ne abincinta. A bar tazarar ciyawa kamar taku 15 tsakanin gona da ruwa, jema tana riƙe ƙasa sosai, a binne taki maimakon watsawa, a yi wa dabbobi kwami can waje a riƙa ja musu ruwa. Mai unguwa, Sarkin Ruwa da Ardo, ku ne kuke fara gani. Ranar da ruwa ya sauya launi, a sa sanƙira ya zaga, a faɗa a masallaci bayan salla, a kafa jan ƙyalle a mashaya, a sanar da duba-gari. Mai shela kuma ya faɗa da babbar murya cewa tafasawa ba ta yi, domin in bai faɗa ba, gobe da safe tukwane za su hau murhu.