Ku ɗauke ashana daga inda hannun yaro zai kai

Hunturu ya shigo Gombe, yaran da suka ƙone kuma sun fara shigo mana asibiti. Kowace shekara haka muke fama, daga Nuwamba har Fabrairu.

Makon jiya aka kawo mini wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba. Hijabinta irin na roban nan ne, ya narke ya manne mata a wuya da kafaɗa. Yayanta ne ya ƙyasta ashana a cikin gidan sauro, wai yana so ya ga ko sauro zai mutu. Na tambayi uwar ina ashanar take. Ta ce a kan taga. Ita kuma tana ina? "Wallahi na ɗan leƙa maƙwabta ne."

Wannan amsar na gaji da jin ta. Ashana a kan taga, ashana ƙarƙashin filo, laita a aljihun rigar maigida da ke rataye a ƙusa. Kuna ɓoye kuɗin cefane inda ko ɓarawo sai ya sha wuya, amma ashana tana nan a fili kamar alawa. Haba iyaye! Kuma ku ne kuke koya musu. Ki aiki ɗan shekara shida ya ɗebo garwashi a murfin tukunya, ki ce ya kunna risho, gobe kuma ki yi mamaki don ya gwada shi kaɗai?

Na san aiki ya yi muku yawa, ga goyo, ga girki, ga ruwa da za a nemo. Ba zargin kowa nake yi ba. Amma ɗaga kwalin ashana zuwa saman kwaba ba ya cin minti ɗaya.

Iyaye maza, ku ma ba ku tsira ba. Mai ajiye fetur ɗin janareta ko na babur a jarka cikin ɗaki, ka sani tururinsa bin ƙasa yake yi, yana iya kama wuta daga kaskon da ke can gefe. Samarin ƙauyuka kuma da ke cinna wa ciyawa wuta don gafiya, iskar hunturu ba ta tambayar rumbun waye. In ɗanka ya dawo yana warin hayaƙi, da ashana a aljihu, kada ka ce "ai yaro ne". Zaunar da shi ku yi magana, duka kawai sa shi ɓoyewa yake yi.

In tsautsayi ya faɗa: kayan jikin yaro in sun kama wuta, kada ya ruga, a kwantar da shi ya yi birgima ko a lulluɓe shi da bargo. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tsumman da ya manne a bar shi. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja, ban da toka. Ku rufe da tsabtataccen zane ku taho. Ƙunar fuska, hannu, gaba, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, a ranar za a kawo shi, ba sai ta fara ɗoyi ba. Mai tsanani sai mun tura Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma jinyar makonni ce.

Yarinyar nan har yau kullum da safe ake kawo ta wankin ciwo. Tun daga bakin ƙofa take fara kuka.