Galina Zybina

Galina Ivanovna Zybina (22 ga Janairu, 1931 – 10 ga Agusta, 2024) 'yar wasan guje-guje da tsalle-tsalle ce ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet wadda ta shahara a jifan dalma (ƙwallon ƙarfe mai nauyi) da jifan mashi. Ta halarci gasar Olamfik sau huɗu tsakanin 1952 da 1964, ta samu lambar zinare da ta azurfa da ta tagulla, kuma ita ce mace ta farko da ta jefa dalma ya wuce mita 16.

Tasowa

An haife ta a birnin Leningrad, wanda yanzu ake kira St. Petersburg. Tana da shekara goma sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya a watan Satumba na 1941, ba a kuwa karya ƙawanyar gaba ɗaya ba sai a Janairun 1944. A hunturun farko, rabon burodin da ake ba yara ya ragu har ya koma giram 125 a rana, mutane suna faɗuwa matattu a kan titi saboda yunwa da sanyi. Mahaifinta ya rasu a fagen daga. Ita kanta ta fito daga wannan bala'i a rame, ba ƙarfi a jikinta, abin da ya sa marubuta tarihin wasanni ke yawan jinjina yadda ta zama gwana a fannin da ƙarfi ne jarinsa.

Bayan yaƙi ta shiga hannun Viktor Alekseyev, tsohon mai jifan mashi wanda ya kafa makarantar horar da matasa a Leningrad. Daga hannunsa ne Natalya Smirnitskaya da Tamara Tyshkevich da Tamara Press da Nadezhda Chizhova suka fito, don haka da yawa daga abokan hamayyarta na gida 'yan makaranta ɗaya ne da ita.

Mashi da dalma

Da mashi aka fara saninta a ƙasashen waje. A gasar zakarun Turai ta 1950 a Brussels ta zo ta uku, bayan Smirnitskaya da Herma Bauma ta Austiriya. Jifan biyu ba su da kama: mashin mata giram 600 ne, ana sheƙowa da gudu a wurga shi ta saman kafaɗa, alhali dalma kilo huɗu ne, ana ɗora shi a gindin wuya a tunkuɗa shi daga cikin da'irar da faɗinta bai wuce mita 2.135 ba. Ita kuwa ba ta kai wasu takwarorinta girman jiki ba.

Helsinki, 1952

Wannan ce gasar Olamfik ta farko da Tarayyar Sobiyet ta shiga. A mashi Zybina ta zo ta huɗu, Dana Zátopková ta Cekoslobakiya ta ɗauki zinare. A ranar 26 ga Yuli aka yi jifan dalma, nan kuwa ba ta bar wa kowa ƙofa ba: a jifanta na ƙarshe ta kai mita 15.28, ta kafa sabon tarihin duniya, ta bar Marianne Werner ta Jamus a baya da tazarar santimita 71. Klavdiya Tochonova ta zo ta uku.

Daga nan har 1956 tarihin duniya bai bar hannunta ba, ita ce ke karya abin da ta kafa. A Oktoban 1953 ta jefa mita 16.20 a Malmö ta ƙasar Suwidin. A Bern, 1954, ta zama zakarar Turai a dalma, ta haɗa da tagulla a jifan faifai. A Oktoban 1956 ta kai mita 16.76 a Tashkent, kuma wannan ya tsaya har 1959 da Tamara Press ta haura mita 17.

Shekarun baya

A gasar Olamfik ta Melbourne, 1956, tana kan gaba da mita 16.53 har zagayen ƙarshe, sai Tyshkevich ta jefa 16.59 ta ƙwace zinaren da santimita shida kacal. Ta haihu a 1959, a gasar Olamfik ta Rum kuma ta zo ta bakwai a 1960. Ta farfaɗo da tagulla a gasar Turai ta 1962 a Belgrade, sannan a gasar Olamfik ta Tokyo, 1964, tana da shekara 33, ta jefa mita 17.45 ta zo ta uku bayan Press da Renate Garisch-Culmberger. Wannan jifa ya fi wanda ya ba ta zinare a Helsinki da fiye da mita biyu.

Ba a sa ta cikin tawagar Olamfik ta 1968 ba. Ta daina gasa wajen 1969, ta koma horarwa, har ta yi aiki a Estoniya.

Iyali

Mijinta, Yuri Fyodorov, hafsan sojan ruwa ne wanda ya shugabanci jirgin yaƙin Aurora da aka mayar gidan tarihi a Leningrad. Ta rasu a St. Petersburg tana da shekara 93.